Madubin Kawu Ɗanjuma

Duk wanda ya san Kawu Ɗanjuma, ƙanen mahaifiyata, ya san madubin nan nasa. Na babur ne, ya tsince shi a hanyar Rogo, kuma ba ya ta da kabbara sai ya zaro shi daga aljihu ya ƙare wa fuskarsa kallo.

Da a ce shiru yake yi ma da sauƙi. Faɗa yake wa kansa, kowa na ji. Ranar kasuwar Karaye an daidaita sahun Azahar, sai ga muryarsa daga baya: "Ɗanjuma, da bakin da ka ci naman maƙwabcinka ɗazu za ka gai da Ubangiji?" Maƙwabcin kuwa yana gefensa a tsaye.

Liman ya taɓa ce masa, "Malam Ɗanjuma, kai muke jira."

"Allah gafarta Malam, ku tayar. Mutumin nawa bai gama kimtsawa ba."

Ni abin kunya yake ba ni. Da na dawo daga karatu a Kano, kaina ya kumbura, aka ba ni dama in yi nasiha a wani suna a Jajaye. Na miƙe na raba masu ibada a duniya gida biyu: masu kallon kansu da masu kallon Mahalicci. Na ce mu ne na biyun, na farkon kuwa ga misalinsu nan zaune da madubi. Ƙanen uwata fa, a gaban surukansa.

Bai ko ɓata rai ba. Ya gama tauna goronsa ya ce, "Ɗana, ina ta lissafi da yatsu. Ka ambaci Allah sau biyu, ka ce 'ni a karatuna' sau tara." Ya miƙo min madubin. "Ungo, duba. Ni ina leƙa shi ne don in san wa zan kai gaban Allah."

Aka kwashe da dariya har da masu rabon waina. Na bar wurin ban ci komai ba, na kuma ɗauke ƙafa daga gidansa damina biyu. Kullum ina cewa sai Juma'a mai zuwa zan je in ba shi haƙuri, har aka aiko ya rasu.

Bayan sadakar uku matarsa ta miƙo min ƙullin tsumma. "Ya ce a ba ka. Wai ya goge maka shi."

Madubin yana aljihuna yanzu, sai dai a ɓoye nake dubawa. Allah Ya jiƙan Kawu, Ya haskaka fuskar nan da ya sha yi wa faɗa. Ni kuma Allah Ya yafe min.