Igiyar Gunvor

Shekara goma sha tara muka yi da Gunvor Kragh muna tuƙa bas a garin Thisted, ita layin asibiti, ni layin bakin teku. Mace ce mai baki, ko shugaban tasha shakkarta yake yi. Tana da shekara hamsin da biyar ciwon ido na gado ya cim mata. Kafin shekara biyu ta miƙa makullin mota, ta koma gida ta ja labule.

Hunturun farko mun ɗauka shi zai tafi da ita. Ƙarfe uku da rabi duhu ya rufa, iskar teku na kaɗawa, kowa ya shige ɗaki. In na kai mata burodi da kifi sai in tarar na jiya ko taɓawa ba ta yi ba.

Ƙanenta Preben ne ya fito da ita, wannan kam ba zan tauye masa ba. Rannan ya shigo da wata 'yar igiya, ba ta wuce kamu ɗaya ba, da madauki a kowane baki.

"Tashi, Yaya. Akwai tseren kilomita ashirin da ɗaya a Afrilu, na rubuta sunanki."

"Kai auta, me ka sha? Makauniya ce za ta yi gudu?"

"Da kina gani ma ai ba ki iya shan kwana da bas ba. Tambayi shingen asibiti."

Ta wurga masa takalmi, ta kuwa same shi. Washegari suka fita.

Ita ta riƙe madauki ɗaya, shi ɗaya, kafaɗa da kafaɗa. Shi ne idonta, bakinsa ba ya hutawa: "Kwana hagu. Gangara. Dakali, taku uku." Ita kuma ta amsa, "Na ji, aku." A ƙa'idar tseren, mai yi wa makaho jagora ba shi da lamba, ba a rubuta lokacinsa, kuma in an zo ƙarshe dole ya ja baya ita ta fara tsallake layi. Shekara shida suna haka, sunan Gunvor na fitowa a takarda, na Preben babu.

Duk Nuwamba sukan zauna a kicin ɗinta da kofi su tsara shirin bazara, ranar gudu, ranar hutu, ranar da za a ɗaura wa takalmi ƙusoshi saboda santsin ƙanƙara. Tana da allo a bango. Takan kafa ƙananan ƙusoshi, kowace rana ɗaya, har zuwa ranar tsere, kullum da safe ta zare ɗaya ta jefa a kofi. Ta taɓa ce min, "Ke Tove, kina ganin rana na ƙara tsawo. Ni a yatsa nake jin abina." Allon nan shi ke ƙetarar da ita hunturu.

Bana Preben ya cika sittin. A Fabrairu, saura ƙusa hamsin da 'yan kai, ya shigo yana ɗingishi. Wai gwiwa ce, likita ya hana shi gudu sai bayan wata uku.

"Wayyo auta, ni na ƙarasa ka," in ji ta. "Zauna, miƙo ƙafar."

Da hannunta ta shafa masa magani. Ta dafa miyar wake da naman alade, ni wawiya na riƙa kai masa har gida, sau huɗu. Na ce mu nemi wani jagoran, ta ce bakin da ba ta saba da shi ba rami zai kai ta. Ta ci gaba da zare ƙusoshinta, wai ko zai warke da wuri.

Ranar tsere ta ce in raka ta kwanar coci, inda dakalin titi ya turo kai, ko ƙarar ƙafafu ta ji. Muka tsaya da butar kofi, igiyar na aljihun rigarta. Mutane na wucewa, tana cewa, "Wannan zai gaji kafin gada. Wancan takalminsa sabo ne."

Sai na hango Preben. Lamba a ƙirji, gwiwa garau, yana zuba gudu kamar ɗan shekara talatin. Na hau tafi da ihu don kar ta ji takunsa, har yau ina jin kunyar wannan. Shi bai gan mu ba, kansa na ƙasa. Amma sabo turken wawa. Yana isowa kwanar, ba kowa a gefensa, bakinsa ya suɓuce:

"Kwana hagu. Dakali, taku uku."

"Na ji, aku," in ji Gunvor, kafin ta san ta faɗa.

Ya waiwayo. Ya rage gudu, na ce zai tsaya. Ya dubi agogon hannunsa, ya wuce.

Ba ta yi kuka ba. Ta rufe butar kofi ta ce, "Kin gan shi tun daga nesa ko?" Na ce e. Ta ce, "To ke ma kai ni gida."

Da la'asar ya zo, ina nan. Ya tsaya bakin kicin yana murza hula.

"Yaya, sau ɗaya tak na so in ga sunana. Shekara shida ina ja da baya a bakin layi. Na ce kafin ƙafar ta mutu in san ni me zan iya."

"Da ka faɗa min, wallahi ni zan fara yi maka tafi. Ka san haka."

"Na ji nauyi ne."

"Nauyi? Miyar ba ta yi maka nauyi ba? Gwiwa lafiyayya na zauna ina shafawa, ina cewa laifina ne."

Ya ci gaba da murza hularsa. Ni dai na so ta zage shi tas, irin yadda take yi wa direban da ya tare mata hanya. Sai kawai ta tambaya, a hankali, "Nawa ka yi?"

"Awa biyu da minti bakwai."

"Bara da ni fa?"

"Biyu da sha ɗaya."

Ta gyaɗa kai. "Minti huɗu ke nan. Ashe iyakar nauyina minti huɗu ne, auta. Ja min ƙofar in ka fita."

Yanzu Nuwamba ta sake zagayowa. Allon na nan wayam, ƙusoshin na cikin kofi. Duk Lahadi Preben na zuwa. Tun daga ƙofar shinge take gane takunsa, ta ƙara muryar rediyo, ya gaji da danna ƙararrawa ya tafi. Jiya na tarar ta ɗaure ƙofar baya da igiyar, wai iska na buga ta tana hana ta barci.