Abin da Muka Tarar a Cikin Kwamfutata

Kwamfutar ta tebur ce, yayana ya bar mini ita da ya yi ritaya. Da ita nake buga tambayoyin jarrabawar ɗalibaina a Karaye. Babban ɗansa, mai shagon gyaran waya da kwamfuta a Rogo, shi ya ƙara mata ƙwaƙwalwa don ta yi sauri. Saurin kam ta yi, amma ta tsiri sabon hali. Ina tsakiyar bugu sai fuskarta ta yi shuɗi, ta ɗauke, ta sake tashi kamar ba ita ba, aikina kuwa ya bi iska.

Da na gaji na kira shi a waya. Bayan mun gaisa ya tambayi mutanen gida, ya ce, "Gwaggo, akwai wata 'yar manhaja da ke zaune cikin babban allon injin, bayos ake ce mata. Taki ta tsufa, ba ta jituwa da sabuwar ƙwaƙwalwar. Ki kawo mini ita shago in sabunta, nan akwai sola. In wuta ta ɗauke ana cikin aikin, allon ya mutu ke nan."

Ranar Asabar na naɗe ta a zani, na shiga motar Rogo da ita a cinya.

Da na isa shagon ya shimfiɗa mini darduma, na ce kujera ta ishe ni. Ya ce sai ya buɗe ya karanta lambar allon. Yana zare murfin, wari ya fara iso ni. Sannan kyankyasai suka zubo, manya da ƙanana, har da farare waɗanda ba su taɓa ganin rana ba. Wasu suka bi tebur, wasu suka hau hijabina. Na miƙe ina kakkaɓewa ina salati. A gindin fanka ga wani ɓera ya bushe, ya manne da ƙarfe, kewaye da kashinsa da ɓawon gyaɗa.

Sai na tuna ƙullun waina. Saboda ɗumin iskar da ke fita ta bayan injin, nan nake ajiye kwanon ƙullu don ya tashi da wuri. Na sha yi. Mun ci, baƙi sun ci, har sun yaba laushinta. Na fita bayan shago na yi ta kakarin amai, ba abin da ya fito.

Na dawo na iske shi ya ɗago ɓeran da filaya, ɗaya hannun kuma yana jefa aya a baki.

"Ai ga mai laifin nan," na ce, ina toshe hanci.

"A'a Gwaggo, wannan ɗan haya ne kawai. Bari ki gani."

Ya bushe ƙurar, ya goge, ya kunna. Ba a jima ba fuskar ta yi shuɗi. Haushi ya ƙara kama ni, don na so a ce ƙazantar ce sanadi, ko ba komai ta yi wani amfani.

Ya sauko da sabuwar manhajar a wayarsa, ya juye ta a filas, ɗan abin ajiyar bayanai, ya soka a jikin kwamfutar. Wani siririn layi ya bayyana yana cika a hankali. Ya ce kada a taɓa ko da tebur, don wayar wutar ta yi sako-sako. Ya kuma roƙe ni in danne kanta da yatsa, shi zai tsaya wajen batirin sola.

Ina danne da ita sai wata ƙatuwar macen kyankyaso ta leƙo daga akwatin wutar injin, jaka cike da ƙwai a bayanta. Ta girgiza gashin bakinta, ta gangaro kan wayar wutar. Na kai hannun hagu zan cire takalmi.

"Gwaggo, don Allah! Kin buga, shi ke nan!"

Haka na tsaya. Ta hau yatsana, na ji ƙayoyin ƙafafunta ɗaya bayan ɗaya. Ta tsaya a wuyan hannuna kamar mai shawara, sannan ta shige hannun rigata. Na rufe ido, haƙorana a datse, hawaye na zuba. Ban san tsawon lokacin ba. Na dai ji injin ya yi ƙara ya sake tashi, ya ce, "Alhamdu lillahi, saki."

Ban tsaya ganin sakamako ba. Gidan yayana na nufa da sauri, matarsa ta ba ni ruwan zafi da sabulu da kayan sawa.

Da la'asar ɗan yayan nawa ya biyo ni da kwamfutar a babur, yana murna ta yini ba ta ɗauke ba. Gaskiyarsa ne, har yau ba ta sake ba. Na yi masa godiya na sa masa albarka, amma na ce ya ɗaure ta a buhu. Direban motar Karaye ya ce in riƙe a cinya kada ta bugu. Na ce ya sa ta a but, in ta bugu ta bugu.