Macijin da Kawu Ya Zaɓa Mini

Wata uku na yi ina zaɓe tsakanin macizai biyu, kawuna ya rushe zaɓen a cikin minti ashirin. Har yau idan na tuna sai raina ya ɓaci.

Ina shekarata ta biyu a Manchester a lokacin, ina karatun digiri na uku, ina zaune a ɗaki ɗaya a saman wani shagon gyaran waya a unguwar Rusholme. Ba ni da yawan magana, baƙi ma ba su cika zuwa wurina ba. Abin da nake so shi ne wani abu mai rai a ɗakin, wanda ba zai dame ni da kuka ba. Kare ba a ma maganarsa. Kyanwa kuwa mai gidan ya hana, amma ya rubuto mini cewa duk dabbar da ke zama a cikin akwati a rufe bai damu da ita ba. Tun ina yaro nake sha'awar macizai, ban taɓa gaya wa kowa ba, domin a gidanmu duk wanda ya ga maciji sanda yake nema.

Na karanta duk abin da na samu, har magana ta tsaya a kan iri biyu, dukansu marasa dafi. Ɗaya shi ne boa, ɗan asalin Amurka ta Tsakiya da ta Kudu. Ba ya ƙin abinci, ba ya jin kunyar mutane, amma yana girma har ya fi mutum tsawo. Ɗayan kuma wata 'yar ƙaramar mesa ce da Turawa ke kira ball python, saboda in ta tsorata sai ta dunƙule, ta cusa kanta a tsakiya. Aibinta shi ne takan ƙaurace wa abinci na watanni ba tare da wani dalili ba. Wannan ya daɗe yana ba ni tsoro. Amma na auna ɗakina da abin awo, na sake aunawa, na ga boa ba shi da wurin zama a cikinsa. Kuma, in faɗi gaskiya, halin mesar ya yi mini. Na fahimci dabbar da ke son a ƙyale ta.

Na haɗa akwati daidai girmanta, da na'urar ɗumi, da maɓoya biyu. Na yi mako biyu ina duba zafin akwatin safe da yamma alhali babu komai a ciki. Na samu wani Bature mai kiwon macizai a gefen Birmingham, muka yi ta musayar saƙonni, ya turo mini hoton wani ɗan namijin mesar mai launin ƙasa-ƙasa da ɗigon zinariya. Muka tsayar da ranar Asabar.

Kuskurena shi ne na gaya wa mahaifiyata a waya cewa zan je Birmingham. Ban faɗi dalili ba, ita ma ba ta tambaya ba. Ta dai ce ba zan shiga garin in fita ban gaida ƙanenta ba.

Kawu ya yi shekara talatin a Ingila, yana tuƙa tasi, yana zaune a unguwar Small Heath. Mutum ne mai kirki da murya mai cika ɗaki. Bayan na ci tuwon da matarsa ta tuƙa, sai ya tambaye ni abin da ya kawo ni. Ban iya ƙarya ba, don haka na faɗa. Matarsa ta ɗage ƙafafunta ta ɗora a kan kujera, kamar macijin yana ƙarƙashin teburi. Kawu ya yi salati, ya tambaya ko gwamnati ta turo ni Ingila ne in zama gardi. Na ɗauka zai hana ni. Da ya hana ni ma da ya fi. Sai ya ɗauki makullin mota, ya ce shi zai kai ni, don ya ga wanda ke shirin cutar ɗan yayarsa.

Baturen ya fito da macijina daga wata 'yar durowa ya ɗora mini a tafin hannu. Ya dunƙule, bai motsa ba. Ina jin numfashinsa a hankali a kan fatata, daidai yadda na karanta. Ban taɓa jin na yi zaɓi daidai kamar a wannan lokacin ba.

Kawu ya leƙo ya ce, "Wannan ai ba shi da lafiya. Ina kansa?"

Baturen ya yi masa bayani cewa halinsu ke nan, har ya ƙara da cewa asalinsu daga yammacin Afirka ne, har da Nijeriya. Ya faɗa ne don ya faranta mana rai, bai san ya kashe ciniki ba.

"Au, na gida ne?" in ji Kawu. "Ɗana, ka hau jirgi ka zo har nan don ka sayi abin da ke kwance a bayan gonar kakanka?"

Daga nan idonsa ya faɗa kan wani boa ɗan shekara ɗaya da ke hawa jikin gilashi. Ya ce a fito da shi. Macijin ya nannaɗe masa hannu, ya ɗaga kai yana kallonsa. Mutumin da ɗazu yake salati sai ya koma kamar yana kara, kasuwar dabbobi, ana gobe Sallah. Ya ɗaga shi da hannu biyu yana jin nauyinsa. Ya matsa tsokar bayansa. Ya tambayi shekarunsa, da cinsa, da ko ya taɓa ciwo. Da aka gaya masa tsawon da zai kai, sai ya gyaɗa kai irin na wanda ya samu rago mai ƙashi. A wurin Kawu, in za ka sayi dabba, wadda ta fi girma kake saya, ka bar ramammiya mai ɓoye kai ga wanda bai san kasuwa ba.

Sai ciniki. Na tabbata ba a taɓa yi wa Baturen nan irinsa ba. Sau biyu Kawu yana kai wa bakin ƙofa yana dawowa. Ni kuwa ina tsaye da macijina a hannu, ina shirya jimla a raina. Na ce, "Kawu, akwatin da na haɗa ba zai..."

"A ƙara masa girma mana. Kyauta ce na yi maka. Kar in ji wata magana."

Wanda ya samu irin tarbiyyar da na samu ya san abin da wannan ke nufi. Ba a mayar wa babba kyauta, balle a gaban bare. Na sunkuyar da kai na ce na gode.

Baturen nan ma ina da magana da shi. Shi ne ya rubuto mini cewa maciji ba abin saye da gaggawa ba ne, domin zai yi shekara ashirin ko fiye yana hannun mutum. Ya karanta dogayen saƙonnina, ya san faɗin ɗakina. Ya dube ni sau ɗaya, ya ga kaina a ƙasa, ya ɗauki hakan a matsayin yarda saboda haka ya fi masa sauƙi. Ya karɓi ɗan macijin daga hannuna ya mayar da shi durowa. Bayan mako guda na ga ya rubuta a intanet cewa an saye shi.

Ba zan zalunci boan ba. Bai taɓa sarana ba, bai taɓa ƙin abinci ba. Laifinsa kawai ya cika alkawarin da aka yi wa Kawu. Cikin shekara guda ya fi ƙarfin akwatin. Sabon da na saya ya cinye wurin teburin karatuna, yanzu a kan gado nake rubutu, bayana yana ciwo. Manyan ɓeraye daskararru da nake ciyar da shi da su sun cinye rabin firizata. Karatuna ya kusa ƙarewa, kuma duk wanda na tambaya ko zai karɓe shi, da ya ji tsawonsa sai ya ce zai yi tunani.

Kawu kuwa duk Juma'a sai ya kira, kuma kafin ya tambayi karatu sai ya ce yaya mutuminsa, ya kai ƙafa nawa. Abokansa a masallaci duk sun san labarin yadda ya ceci ɗan yayarsa daga sayen maciji mara lafiya.

A watan jiya ya kira da murna, ya ce ya ɗauko wani fasinja mai macen boa, sun yi magana, zai samo wa mutuminsa mata. Na san boa ba ƙwai take yi ba, 'ya'ya take haifa, da yawa kuma a lokaci guda. Na ce, "Kawu, a'a. Ba na so. Tun farko ma ba shi nake so ba, ƙaramin nake so."

Sai ya yi dariya.

"To me ya hana ka faɗa ran nan? Ai da ƙaramin na saya maka. Ni na ga kana ta kallon ƙasa, na ɗauka kunyar roƙon babban kake ji."

Na ce masa na fara faɗa, shi ne ya ce kar ya ji wata magana. Ya ce ai wannan haka ake cewa in za a yi kyauta, ba ya hana mutum buɗe baki. Ya ce in gaida mutuminsa, ya kashe waya, ya bar ni zaune a bakin gado da wayar a hannu, na rasa wanda zan fi jin haushi tsakanin shi da ni.