Kwanon Bagobiri

A layinmu na Sabon Gari akwai wani dakali a ƙofar gidan Alhaji mai sayar da hatsi, a gindin bishiyar bedi. Nan muke ciyayya. Da an sallame sallar magariba, kowane magidanci zai shiga gida ya fito da kwanon tuwonsa a rufe, ya ajiye tsakiyar tabarma. Mu bakwai ne idan mun cika. Ni ne ƙarami, kuma saboda ina karanta labarai da Hausa a gidan rediyo, Mushe suke ce mini, wato "monsieur" na Faransanci, yadda ake kiran ma'aikacin gwamnati.

Ciyayyar tana da ƙa'ida. Alhaji ne ke buɗe kwano, idan ba ya nan sai wanda ya fi shekaru. Ɗaya ake buɗewa, kowa ya sa hannu, sai an cinye a janyo na biyu. Ba mu taɓa kaiwa ga na bakwai ba. Wanda ba a buɗe nasa ba sai ya ɗauki abinsa ya mayar gida, babu mai tambaya.

Kullum na mutum ɗaya ne ke komawa. Wani tsohon magini ne, mutumin Tsibiri ta ƙasar Gobir, da ke zaune shi kaɗai a wani ɗaki bayan masallaci tun rasuwar matarsa. Bagobiri muke ce masa. Akwai tela a cikinmu, mai baki, wanda ba ya barinsa ya huta.

"Bagobiri, yau ma rowar ce? Kullum kai ne na ƙarshen ajiyewa."

"Ku Katsinawa cikinku na tsuntsu ne," in ji shi. "Ku cinye shidan nan tukuna, ku ga abin da Gobir ta dafa."

Na fi shekara ina dariya da wannan. Wata rana na zo a makare, na matsar da kwanonsa don in sami wurin zama, sai na ji ya biyo hannuna ba nauyi. Babu komai a ciki. Na ɗaga ido, na tarar Alhaji yana kallona. Ya miƙo mini ruwan wanke hannu. A shekarun nan albashin ma'aikata yana makara wata da watanni, kuɗi ya karye, babu mai ɗora tubali a kan tubali, magini kuwa da ginin mutane yake ci. Daga baya Alhaji ya gaya mini ya taɓa aika masa da tiyar hatsi, ya maido. A dakali ne kaɗai yake cin abin wani, domin a can shi ma da kwanonsa ya zo.

Da aka buɗe jam'iyyu, dakalin ya cika da gardama. Alhaji da tela ba jam'iyyarsu ɗaya ba, har sukan nuna wa juna yatsa da miya a hannu. Duk da haka ba wanda ya fasa fitowa. Gardamar takan ƙare idan aka janyo kwano na gaba.

Sai sojoji suka sake karɓar mulki. Takardar sanarwa ta zo mana da Faransanci, ni na fassara, ni na karanta: an hana duk wani taron siyasa. Da yamma tela ya tare ni tun kafin in zauna.

"Mushe, mun ji ka. To mu fa, taro ne?"

Na ce cin tuwo ba taro ba ne. Na faɗa da muryar da nake karanta labarai, suka yarda, domin sun saba yarda da ita. Tela ya ci gaba da maganarsa yadda ya saba, har ya fi da.

Bayan kamar mako biyu, da hantsi, wata mota marar lamba ta tsaya a ƙofar shagonsa. Mutum biyu suka fito da shi, almakashi na hannunsa, ɗaya ya karɓa ya ajiye a kan keken ɗinki. Kwana huɗu bai dawo ba. Da ya dawo muka je gaishe shi. Babu rauni a inda ido ke gani, amma yana zaune a gefen gado kamar baƙo a ɗakinsa. Abu ɗaya ya faɗa, yana duban ƙasa: sun maimaita masa maganganun da ya yi a dakali, kalma bayan kalma, har da wadda ya yi ranar da aka ci dambu.

Muka fito ba mai duban wani. Mu bakwai ne ranar dambun, babu baƙo.

A daren nan mutum uku suka fito. Washegari ban ji muryar kowa a dakali ba. Na lura masu gaishe ni a layi sun rage tsayawa, kuma na gane dalili: a cikinmu ni kaɗai ne ma'aikacin gwamnati. A wurin aiki kuma shugabanmu ya kira ni ya rufe ƙofa, ya ce an ce ina zaman majalisa a unguwa, in kula da kaina. Ke nan a unguwa ana tsorona, a wurin aiki ana sa mini ido. Na koma cin tuwo a tsakar gida. Duk motar da ta rage gudu a layi sai in dakata da ci har in ji ta wuce.

Ƙofar gidana tana da wata ɓaraka wajen sakata. Ta nan na ga Bagobiri bai daina fitowa ba. Bayan magariba zai zo da kwanonsa, ya shimfiɗa buzunsa a kan dakali, ya ajiye kwanon a gabansa, ya zauna har a kira isha'i, sannan ya ɗauka ya tafi. Na ƙirga kwana shida ina leƙensa.

A na bakwai na sa maiɗakina ta zuba tuwo a wani kwano, na zagaya ta bayan masallaci na kai masa ɗaki. Ya amsa sallamata, ya dubi abin da ke hannuna.

"Mushe, wa ya ce maka ba ni da lafiya?"

"Ba kowa, Baba. Yawa aka yi a gida."

"To ni ma an yi yawa. Ga nawa can ko taɓawa ban yi ba." Ya nuna kwanonsa a rufe a kan taga. "Ka gaida iyali."

Na dawo da tuwon gida. Kwana biyu bayan haka, a sallar la'asar, muna sahu ɗaya, na ga ya kasa miƙewa daga sujada. Ya dafa ƙasa sau biyu, sannan ya ƙarasa sallar a zaune. Da aka sallame ya ce gwiwa ce.

Da magariba na ɗauki kwanona. Maiɗakina ta tsaya a bakin ƙofa ta ce, "Ka tuna kana da ƴaƴa." Na ce na tuna. Tsakanin ƙofata da dakalin bai fi taku talatin ba. Ina tafe ina duban bakin layi ta gabas, inda motoci ke shigowa.

"A'a, Katsinawa sun tuna hanya," in ji Bagobiri. Ya matsa mini a buzu.

Shi ne babba, shi ya buɗe nawa. Yana ci a hankali, ƙananan loma, yana ajiye hannu tsakani kamar mai ƙoshi. Ni ma na rage ci don in bar masa. Sai da kwanon ya kusa ƙarewa na gane kuskurena. Mutum bakwai suna iya barin kwano ɗaya ba a buɗe ba, ba wanda zai lura. Mutum biyu da kwano biyu ba su da wannan mafita. Shi ma ya sani. Ya suɗe yatsu, ya janyo nasa, ya ɗora tafin hannu a kan murfin.

"Naka ya ƙare, Mushe. Saura na Gobir."

Ban san abin da zai yi ba, ina jin shi ma bai sani ba. Na buɗe baki in ce na ƙoshi, sai haske ya shigo layin ta gabas. Motar ta zo a hankali, ta tsaya daidai bedin, ba a kashe ta ba. Na kusa da direba ya sauke gilashi.

"Sannunku. Zaman mi ake?"

"Tuwo ne, ɗana," in ji Bagobiri. "Bismilla."

"Ku biyu?"

"Sauran ba su jin yunwa."

Mutumin ya juyo gare ni. "Kai fa, ba ka magana?"

Na ce, "Sannu da aiki." Abin da na iya fitarwa ke nan.

Ya yi ɗan murmushi. "Na san muryar nan. Kullum da rana muna saurare." Ya ɗaga gilashi, suka wuce.

Na ce wa Bagobiri ba zan iya ƙara ko loma ɗaya ba, kuma gaskiya na faɗa. Ya ɗauke hannunsa daga murfin. Muka zauna har isha'i.

Da safe na bi ta rumfar Alhaji a kasuwa. Na jira mai saye ya tafi, na gaya masa abin da na gani a sallar la'asar, na ce mutum biyu ba su isa ba, ana bukatar aƙalla huɗu. Ya daɗe yana zuba hatsi daga hannu zuwa hannu.

"Ka san abin da suka yi wa tela?"

"Ban sani ba, Alhaji."

"Ni ma ban sani ba. Shi ya hana ni barci." Ya kakkaɓe hannu. "Mushe, tsakaninka da Allah, ba kai ba ne?"

Na ce ba ni ba ne. Ya dube ni, ban ga alamar ya yarda ba, ban ga alamar ya ƙi ba.

Ranar bai fito ba. Na sa aka raba tuwona kwano biyu, na ce wa Bagobiri ɗaya na maƙwabci ne da ya yi tafiya. Ya yi kamar ya yarda. Kashegari Alhaji ya fito, tare da wani mai kawo tumatir daga Jiratawa, wanda da ma yana cikinmu. Muka zama huɗu. Ba a maganar komai sai zafi da farashin taki. Idan mutum ya fara wata magana, Alhaji sai ya janyo kwano ya ce a ci. Kowa na zaune yana fuskantar bakin layi, kuma kowa na auna kalmominsa saboda sauran ukun.

A makon nan aka cire ni daga karanta labarai, aka mayar da ni sanarwar aure da rasuwa. Ba a faɗa mini dalili ba, ban tambaya ba. Motar ta ci gaba da ratsa layin, wani lokaci sau biyu a mako, ba ta sake tsayawa ba.

Tela bai ƙara zama da mu ba. Daga masallaci yakan ɗaga mana hannu ya shige gida. Amma wata rana muka tarar da kwanonsa a bakin ƙofarsa, a rufe, da ɗumi. Alhaji ya ce in ɗauko. Daga nan kullum haka, idan mun gama in mayar in ajiye a wurin, in ƙwanƙwasa sau ɗaya in tafi. Sauran biyun ba su dawo ba, ɗaya ma ya tashi daga unguwar. Har yau ban san wanda ya kai maganar ba.

Bagobiri ya ci tare da mu har ruwan farko ya sauka. Ya daina sallah a zaune. Ranar da zai koma Tsibiri noma a gonar ƙanensa, na raka shi bakin hanya. Kafin ya hau mota ya ce in gaya wa tela miyar gidansa gishiri ya yi mata yawa, in ya dawo da kaka yana so ya tarar an gyara.