Haƙorin Makkan Iya

Mahaifiyata tana da haƙorin Makka, na sama, gefen dama. Mahaifinmu, wanda mahauci ne a Kasuwar Shanu, shi ya biya mata kujerar hajji, shi kuwa har ya rasu bai samu zuwa ba. Iya ba mai yawan fara'a ba ce, amma tun da ta dawo da zinariyar nan a baki sai ta koyi dariya. Mu 'ya'yanta muna tsokanarta, tana cewa baƙin ciki muke yi.

Duk gidanmu a Dala mun ɗauka abin da zinariya ta rufe ba ya ruɓewa. Shi ya sa da ciwo ya fara, sauran haƙoran muka zarga. Iya ta yi ta cusa kanumfari, tana kurkure baki da ruwan gishiri. Sai da na ga ta daina cin goro na san abin ya yi tsanani.

A lokacin rediyo ya ishe mu da labarin gwamnati ta gyara sashen haƙori na asibiti, ta zuba kayan aiki na zamani. Na sa ta a keke mai ƙafa uku muka tafi. Gaskiya an yi fenti, har ƙamshinsa na tashi. Akwai sabuwar kujera a lungu, tana nan cikin ledarta, an ce ana jiran wanda zai zo ya haɗa ta. A tsohuwar aka kwantar da Iya.

Likitar matashiya ce, da ganin idonta ta gaji. Ta haska bakin da fitilar wayarta, ta ɗan ƙwanƙwasa zinariyar, Iya ta zabura.

"Hajiya, shi ne. Ya ruɓe ta ciki."

"Na Makka ne fa, 'yata," in ji Iya.

Likitar ta ja ni gefe. Ta ce haƙorin zai iya tsira in aka wanke jijiyar aka cike ramin, kuma ta iya aikin. Amma na'urar hoto ba ta aiki, abin cikewa ya ƙare, sun rubuta wa hukuma sun gaji. Abin da ke hannunta allura ce da abin cirewa. Ta ambaci asibitin kuɗi, na ce ba mu da hali, ba ta ƙara ba. Raina ya ɓaci ƙwarai, na rasa wanda zan yi wa faɗa. Ita dai ba ta yi mini laifin komai ba.

Iya ta gyara lafayarta ta ce mu tafi, za ta jira kayan.

Muka yi ta zirga-zirga. Kullum amsa ɗaya, ba su iso ba. Kumatu ya kumbura har ido ya fara rufewa, tuwo ya gagara, sai kunu. Ina zaune ina kallon uwata tana ramewa saboda haƙori guda, ban da abin yi sai sannu. Ranar da zazzaɓi ya kama ta, ita da kanta ta ce in nemo keke.

Ba ta yi ko tari ba da ake cirewa. Likitar ta wanke haƙorin, ta naɗe a auduga ta miƙa mata da hannu biyu. A bakin ƙofa ta faɗa mini a hankali cewa na kusa da shi ma ya kama ruɓewa, ba zai daɗe ba.

A cikin keke, bakinta cike da auduga, Iya ta damƙa mini ƙunshin. Da ƙyar na gane abin da take cewa.

"Ka kai wa maƙeri ya ɓare zinariyar. In kayansu sun zo, sai a mayar mini a na kusa da shi."

Na ce to, Iya. Na sa a aljihu.