Kawu Buba Maɗori da Mussar Kalgo

Duk wanda ya san Kawu Buba, maɗorin unguwarmu a Gwandu, ya san ba ya duban fuskar mutum sai ya gama da ƙafarsa. Kana sallama idonsa na kan gwiwarka. Ni kaina, ɗiyar ƙanwarsa, na taɓa shigowa da sabon lalle ina taƙama, ya ce, "Hauwa'u, wa ya ce ki riƙa taka ƙasa da gefen ƙafa kamar agwagwa?" Barka da zuwan ke nan!

Kuma ya ƙi jinin kyanwa, mussa kamar yadda muke cewa. Wai ba ta da aiki sai lasar kwano.

Wata safiya sai ga wata malamar makaranta daga Kalgo, Malama Rahila, ta sauka daga kabu-kabu rungume da kwando. A ciki wata mussa ce fara sol, gashi buzu-buzu, hanci a lotse kamar an zauna a kai. Ɗanta ne ya sayo mata a Abuja. Ta daina tsalle, in ta tashi sai ta ja ƙafar baya.

"Baba, a taimaka a ɗora ta," in ji Malama, ido ya cika da hawaye.

"Ni? Mussa?" Ya ɗauke kai. Amma da Malama ta aje ta ƙasa, mussar ta yi taku uku, hannunsa ya kasa haƙuri. Ya lallatsa kwankwason, ya lanƙwasa gwiwar a hankali.

"Ba karaya ba ce, ba targaɗe ba. Gurbin ƙashin ne bai da zurfi. Haka aka haife ta."

"Haba Baba! 'Yar asali ce fa, har takarda gare ta, kakanninta duk an rubuta."

"To ai ciwon ke nan, Malama. An yi ta haɗa ɗan wa da ɗiyar ƙane don gashi ya yi kyau, aka manta da ƙashi. Mussar gidanmu ba ta san ubanta ba, amma kin gan ta can bisa katanga!"

Ya hana a ɗaura mata kara, ya ce a kai ta ga likitan dabbobi. Likita ya faɗi maganar Kawu sak, ya ƙara da cewa irin waɗannan masu tsada sun cika fama da kwankwaso da gwiwa, a rage mata ƙiba. Kawu ya yi wata guda yana ba mutane labarin wai likita ya yi karatu da kyau.

Da aka yi wa Malama canjin wurin aiki, wa ta bar wa mussar? Kawu! Ya ce kwana biyu kawai. Ya gina mata matakala da tubali uku don ta hau taga, yana auna mata kifi da murfin kwalba. Ɓera ya taɓa wucewa ta gabanta, ta bi shi da ido kawai. Kawu ya ce, "Ku ƙyale ta, manya ba su gudu."

Shekarunsa na ƙarshe nasa ƙugun ya kama. Ya ƙi sanda, ya ƙi asibiti. In muka gan su suna ratsa tsakar gida, shi da ita, kowa na jan ƙafa, muka ce, "Kawu, ɗingishi?" sai ya harare mu: "Jiranta nikai!"

Ranar da ya rasu, mutanen da suka cika ƙofar gida da yawansu da ƙafar da ya ɗora suka tako. Allah Ya jiƙan Kawu, Ya yalwata masa makwanci, Ya saka masa da tausayin da ya yi ta ɓoyewa.