Baba Sun-ce da Bencunan Asibitin da Ba a Gina Ba

Haihuwarsa da Iyayensa

Da hantsi aka haife shi, ana yayyafi bayan an kwana ana ruwa, a daminar shekarar 1954, a gidan da ke bayan tsohuwar kasuwa, kan layin da daga baya kowa ya sani da layin 'yan walda. Mahaifinsa maƙeri ne mai ƙera fartanya da lauje da wuƙaƙen mahauta, mahaifiyarsa kuwa wankau take yi, ta yi kitso idan yamma ta yi. Shi ne na uku a ɗakinsu, kuma shi kaɗai ne namijin da ya rayu. Mahaifiyarsa ta sha ba da labarin cewa kukansa na farko bai hana uban ƙarasa dukan ƙarfen da ke gabansa ba, sai da ya tsoma shi a ruwa sannan ya ɗago ya tambayi me aka samu.

Karatunsa

Ya yi karatun allo gwargwadon hali, aka sa shi firamare a shekarar 1961, amma a aji huɗu ya tsaya, saboda hannun mahaifinsa ya fara rawa kuma babu mai taya shi a maƙera. Ya fita da iya karanta manyan baƙaƙe da iya awo ba tare da kuskure ba. Babban darasinsa kuwa a gaban wuta ya ɗauke shi: mahaifinsa ya koya masa cewa idan mutum ya dube ka ido cikin ido ya ce zai yi abu, to ka ce ya kawo shaida cin mutuncinsa ne. Wannan tarbiyya ce ta ɗaukaka shi a tsakanin mutane, kuma da ita aka bi aka kayar da shi.

Sana'arsa

Da wutar lantarki ta iso layinsu, ya koyi walda a wajen wani mai gyaran manyan motoci, ya kafa rumfarsa a shekarar 1977. Ƙofofi yake yi da tagogi da gadajen ƙarfe da baro, kuma ba a taɓa dawo masa da aiki an ce ya ɓalle ba. Rumfar da ke manne da tasa ta amininsa ce, wanda ake kira Dogo. Kullum cikin tsiya suke. Dogo ya ce waldarsa kamar ɗinkin makaho, shi kuma ya ce ƙofar da Dogo ya yi ko ɓarawo tausayinta yake ji, ba ya iya sa mata ƙarfi. Kwano ɗaya suke ci da rana, kuma duk wanda wutarsa ta ɗauke sai ya ja waya daga wajen ɗan'uwansa.

Aurensa da Shugabancinsa

A shekarar 1979 ya auri 'yar wani tela, ita ce uwar 'ya'yansa duka. Ita ke jiƙa tsumma ta ɗora masa a ido idan hasken walda ya hana shi buɗe su, tana mitar cewa tabarau dai don goshi aka saya masa shi, ba don ido ba. A shekarar 1996 'yan walda suka zaɓe shi shugaban ƙungiyarsu, ba don iya magana ba, sai don in ya ce ya tsaya wa mutum, to magana ta ƙare.

Zuwan Sabon Tsarin Gari

A shekarar 2010 ƙaramar hukuma ta fito da tsarin raba gari kashi-kashi: nan gidajen zama, nan kasuwanci, can kuma masu sana'ar hayaƙi da ƙara. Duba-gari suka ce layin 'yan walda yana cutar da lafiyar al'umma. Marigayin bai musa ba, domin ya san tartsatsi ya taɓa ƙona ƙafar wata yarinya, ya kuma san tsofaffin bayan layin ba sa samun barcin rana. Ya kuma san unguwar ba ta da ko ɗakin shan magani, mai naƙuda sai ta tsaya bakin titi ta jira motar da za ta kai ta ɗaya gefen gari.

Jami'in tsara gari da kansa ya zo rumfar. Ya shimfiɗa taswira a kan wata ƙofa da ba a gama ba, ya ɗora yatsa daidai inda suke tsaye, ya ce nan za a gina ƙaramin asibiti mai ɗakin haihuwa da famfo, su kuma za a ba su fili a bayan gari da wuta da ruwa. A taron ƙungiya Dogo ya miƙe ya ce a zuba harsashin asibitin su gani da idonsu, sannan su kwance kwanon rumfunansu. Marigayin ya ji kamar an zage shi.

“Mutumin nan ya zauna a rumfata, ya sha ruwan gidana,” in ji shi. “Sun ce za su gina. In ba su gina ba, ni za ku kama.”

Shi ya fara hawa ya cire kwanon rumfarsa, sauran suka bi shi, Dogo ne na ƙarshe.

Zamansu a Bayan Gari

Filin da aka ba su a shekarar 2011 yana jikin jujin da motocin shara ke juyewa, wanda ake cinna wa wuta kullum. An kafa turakun lantarki, ba a ja musu waya ba. Famfo kuwa ko raminsa ba a tona ba. Mutanen da aka tasa saboda hayaƙinsu yana cutar da jama'a, su aka kai aka ajiye cikin hayaƙin robobi da tsummokaran gari gaba ɗaya, kuma babu duba-garin da ya taɓa takowa ya ga yadda suke numfashi. Masu kawo aiki suka janye, don ba mai ɗauko tagarsa ya yi wannan tafiya.

Duk da haka marigayin ya bi rumfa-rumfa yana tara ragowar ƙarfe, ya ƙera bencuna na ɗakin jira, kyautar 'yan walda ga asibitin. Ya yi musu majingina, saboda ya taɓa ganin masu ciki zaune a ƙasa a babban asibiti, ya kuma rage musu tsawo don kada ƙafar tsohuwa ta yi lilo. Ya shafa musu farin fenti ya jera a tsakar gidansa, matarsa tana cewa an mayar da ita mai gadin tasha.

A tsohon layin kuwa katafila ta share komai, aka kewaye da kwano, gini ya fara tashi. Da aka ɗora bene marigayin ya ce sama na masu kwanciya ne. Da aka ɗora wani ya ce gidan likita ne. Dogo ya tambaye shi wane irin asibiti ne ake jera wa ƙofofin naɗewa reras, ko kowane marar lafiya da nasa shagon. A shekarar 2013 aka yanke kyalle aka buɗe rukunin shaguna na wayoyi da yadudduka da kujerun alfarma. A bayan ginin aka jera janaretoci, hayaƙinsu yana shiga tagogin tsofaffin nan da aka ce don lafiyarsu aka tashi 'yan walda. Ƙofofin ma daga wani gari aka sayo su.

Jelensa Ofis-ofis

Ya je neman jami'in, aka ce an yi masa canjin wurin aiki. Wanda ya gaje shi ya buɗe sabuwar taswira ba tare da ya ce da dattijon ya zauna ba, ya ce wurin yankin kasuwanci ne, kuma doka ba ta yarda a sa asibiti a yankin kasuwanci ba. Sashen lafiya suka ce maganar fili ce, sashen filaye suka ce maganar lafiya ce, kansila ya ce a jira kasafin baɗi. Duk wanda ya tare shi ya tambaya, amsarsa ɗaya ce, sun ce a dawo. Daga nan sunan Baba Sun-ce ya bi shi, har yara suna kira daga bayan katanga. Bai taɓa korarsu ba, ya ce su kira, shi ya saya wa kansa.

Rasuwar Amininsa

Tari ya kama Dogo a shekarar 2015. Da marigayin ya je duba shi, Dogo ya ɗago da ƙyar yana dariya yana haki, ya ce, “Sun-ce, da asibitin ka zo, ko yana hanya?” Bayan 'yan kwanaki numfashinsa ya sarƙe, aka fito da shi bakin titi, aka zaunar da shi a ƙasa jikin katangar shagunan ana jiran mota. A nan rai ya yi halinsa, a kan filin da rumfarsa take a da.

A wajen ta'aziyya matar Dogo ba ta amsa gaisuwarsa ba. Daga bayan labule ta ce, “Kai ka ce a kama ka. To ga mu, ta ina za mu fara?” Ya miƙe ya fita. Washegari ya ajiye shugabanci, ƙungiyar kuma ta watse, wasu suka koma tura baro, wasu suka bar garin.

Shekarunsa na Ƙarshe

Mutumin da ba a san shi da ɗaga murya ba ya zama mai zafin rai. Ya daina bin titin shagunan, gara ya zagaya komai nisa. Mai gidan abinci ya nemi sayen bencunan, ya ƙi. Duk shekara sai ya kankare tsatsa ya sake musu fenti.

A shekarar 2018 ƙaramar hukuma ta shirya makon lafiyar al'umma, za a kafa rumfa a farfajiyar shagunan a auna hawan jini na yini guda a ɗauki hotuna. Kujeru suka kasa, wani ya tuna da shi, aka aiko masinja aron bencuna. Marigayin ya fito yana tari, ya riƙe ƙyaure.

“Je ka ce da su na asibiti ne, ba na biki ba. Ranar da suka gina, ni zan ɗauko su a kaina. Kuma ka ce Dogo yana gaishe su.”

Rasuwarsa da Jana'izarsa

Ciwon ƙirji ya kwantar da shi a ƙarshen shekarar 2020. Likita ya ce hayaƙi ne ya cinye huhun, wani na sana'a, wani na juji, kuma ba za a ɗora wa hukuma dukansa ba, amma nata kason ta san shi. Wasiyyarsa guda ce: kada a sayar da bencunan, kada kuma a ba ƙaramar hukuma ko da ƙafa ɗaya. Ya rasu a ɗakinsa da la'asar, a farkon shekarar 2021. Tsofaffin 'yan walda ne suka ɗauki makararsa, har waɗanda suka yi shekaru ba sa yi masa magana. Daga ofishin da ya yi ta jele babu wanda ya zo. Matar Dogo ma ba ta zo ba. Allah Ya jiƙansa, Ya yafe masa yardar da ya yi da waɗanda ba su cancance ta ba.

Waɗanda Ya Bari

Ya bar matarsa da 'ya'ya biyar: babbar 'yarsa mai ɗinki, da direban motar kaya, da malamar firamare, da mai gyaran babura, sai auta, wanda ya gaji injin walda, da jikoki da dama.

Bayan an share makoki, auta ya ɗora benci ɗaya a baro ya kai bakin titin da masu zuwa asibiti ke jiran mota, ya ajiye. Yana share ƙasar da ta taɓa majinginar sai ga matar Dogo, ta tsufa, tana dogara sanda, da katin asibiti a hannu. Ta dubi farin fentin, ta dubi fuskarsa, ta zauna, sannan ta miƙe ta ce ƙarfen ya ɗau rana. Ya ja bencin zuwa inuwar katangar shagunan. Ta sake zama, ƙafafunta suka taka ƙasa daidai, ta jingina bayanta, ta juya kai tana duban hanyar da mota za ta ɓullo. Shi kuma ya ɗauki baronsa ya tafi ɗauko na biyu.